Haruffa Huɗu da Irin Zangon Babana

Ina aji uku a kwalejin Tasawa malaminmu na kimiyya ya ce in riƙa zuwa ɗakinsa bayan la'asar ina kwafe masa rubutu. Ba don na fi kowa ƙoƙari ya zaɓe ni ba. Rubutun hannuna mai tsabta ne, kuma ya lura ba ni da surutu. In ya yi tambaya a aji nakan san amsar, amma sai in sunkuyar da kai in bar wani ya faɗa. Mushe muke ce masa, kamar kowane malamin lakwal, wato makarantar boko. Mutumin wajen Mayahi ne, dogo, siriri, yana fama da tari, kuma shi ne ya kafa gwangwanin auna ruwan sama a bayan ajinmu. Damina biyu a jere gwangwanin bai tara abin kirki ba.

A lokacin sojoji sun kusa shekara goma suna mulki. Mushe yana da wani abokin karatu a ƙasar waje da ke aiko masa da mujallar masana, wadda ba ta maganar komai sai makaman nukiliya da sauran abubuwan da za su iya hallaka ƴan Adam gaba ɗaya. Ambulan ɗin takan iso a yage, an sake liƙe ta da gam. Sai ya juya ta a hannu ya ce, "Wani ya riga mu karantawa. Allah ya sa ya gane." Ya hana ni fita da ita daga ɗakin. Ya ce ƙasar da ake haƙo uraniyom a arewacinta, ba a son a ga ɗan makaranta yana yawo da takarda mai hoton bam.

Ni ban taɓa ganin irin wannan rubutu ba. Kowace magana da ƴar lamba a kanta, in ka bi lambar zuwa ƙasan shafi sai ka ga wanda ya fara faɗin maganar da inda ya faɗe ta. Mushe ya ce kafin a buga rubutun mutum sai an aika wa wasu masana biyu ko uku da bai san su ba, su bi shi layi layi suna neman kuskure. Wannan ya shiga raina ƙwarai. Na ɗauka duk abin da ya tsallake irin wannan tankaɗe ba sauran tsakuwa a cikinsa.

Shi ma Mushe rubutu yake yi da zai aika musu. Ya ce masu mujallar suna lissafin abin da zai sami alkamarsu in an yi yaƙin nukiliya, ba wanda ya tambayi abin da zai sami gero, mu kuwa mun san yunwa da idonmu. Injin buga rubutu ɗaya ne a garin da zai iya ara, yana ofishin hukuma, shi kuwa ba ya son a gani. Don haka aikina shi ne in kwafe da bik, wato biro, a farar takarda, a kai wa wani a Yamai ya buga. Rubutun Mushe kamar tafiyar kiyashi yake, kuma yana da ɗabi'ar yanke wutsiyar kalmomi. Ya rubuta rabin kalma ya wuce, ni in cika ta. Da farko ina tambayarsa, daga baya na gane hannunsa na daina. Ina alfahari da wannan a ɓoye.

Akwai kalmar da ta yi ta maimaituwa a rubutunsa da cikin mujallar: hiver. Mu kuwa tun muna firamare, in za mu ce damina da Faransanci hivernage muke cewa. Haka malamai ke faɗa, haka rediyo ke faɗa. Na san an koya mana cewa Turawa suna da lokaci mai suna hiver, amma a kaina na ajiye shi a matsayin tasu daminar, lokacin da sama ke rufewa abu yana zubowa daga cikinta. Da na duba kewaye da kalmar a mujallar sai na ga kalmomin da na sani: gizagizai, duhu, rana ta ɓuya wata da watanni, iska ta yi sanyi, har da kalmar ruwan sama a wurare biyu. Duk yaron da ya tashi a ƙasarmu, in ka jera masa waɗannan, damina zai ce maka. Sauran Faransancin ya fi ƙarfina, na tsallake shi. Na yanke cewa Mushe ya yanke wutsiyar kalmar ne kamar yadda ya saba, Turawa kuma haka suke gajarta ta. Duk inda na gamu da ita na ƙara mata haruffa huɗu, na wuce. Ƙamus yana kan teburin, ban buɗe ba, don ban ga abin tambaya ba.

Ban gama kwafin ba aka ba mu hutun Afrilu, na tafi ƙauyenmu da ke kusa da Korgom.

Ni ɗan fari ne. Babana ba ya kiran sunana, ba ya zama inda nake zaune, kuma in yana da magana da ni sai ya faɗa wa bango ko ya faɗa wa mahaifiyarsa, kakata, ita ta juyo ta faɗa mini ko da ina nan ina ji. Ni ma ta bakinta nake mayar da amsa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma kowa a ƙauyen ya san shi ya tsaya kai da fata aka bar ni a lakwal lokacin da ƴan'uwansa ke cewa a dawo da ni gona.

Na tarar da gidan ana cin anza, ƴaƴan itacen dajin nan da ake komawa gare su lokacin yunwa. Innata takan jiƙa ƴaƴan kwana da kwanaki tana sauya ruwa don ɗacin ya fita, ta haɗa da ɗan dussa. Amma a ƙuryar rumbu akwai dami uku na gero da ba wanda ya isa ya kalla. Irin zango ne, mai dogon kai, wanda babana ya gada daga nasa uban. Kowace kaka, kafin a shiga girbi, yakan bi gonar shi kaɗai yana zaɓen zangarniyoyin da suka fi tsawo da cika, ya ɗaure su dabam. A babban farin da aka yi ina ƙarami, an sayar da awaki an sayar da tasoshin innata, irin nan bai motsa ba. Kuma yana da tsarinsa na shuka da ba ya sauyawa. Kafin ruwa ya sauka yakan yi binne a ƴar gonar da ke kan tudu, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira sama, amma da kaɗan. Sauran sai an yi ruwa ya tona da hannunsa ya ga laima ta kai taƙi biyu. Ko sannan yakan rage wani abu, don in shuka ta ƙone a sake.

Washegarin zuwana ina zaune bakin ɗakin Kaka tana tsince anza.

"Angon nawa ya dawo, ko goro babu," in ji ta. "Mi suke koya maka can, ban da rama?"

"Da wane haƙori za ki ci goron?"

"Ji mara kunya. Kai ɗan fari, ai kai ka jawo muna farin nan. Tun da aka haife ka sama ta yi fushi."

Ita kaɗai ce nake iya sakin baki da ita. Na so in burge ta, sai na ce ai masanan Turai sun rubuta a takardarsu cewa suna tsoron wata doguwar damina, wadda gizagizai za su rufe rana wata da watanni.

Ta tsayar da hannunta cikin ƙwaryar. "Tsoro? Tsoron damina?"

"Su abincinsu ba ya son ruwa da yawa."

"To su aiko muna da ita, mu muna so. Yaushe suka ce?"

Na ce sun ce in manyan ƙasashe suka yi yaƙi da wasu bama-bamai, hayaƙin ne zai hau sama ya jawo ta.

"Wace shekara ce ba su yaƙi? Kullum rediyon mai shago yaƙi yake faɗi." Ta matso. "A takarda ka gani, da idonka?"

"Da idona. Kuma takardar nan ba a buga komai a cikinta sai masana sun bincika sun tabbatar."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce har yau nake jin nauyinta. Ba wanda ya tambaye ni ita, ni na ƙara.

Da yamma na ji ta tana faɗa wa babana a bakin garke. Maganar yaƙi ta faɗi a hanya, abin da ya isa kunnensa shi ne masana sun hango damina mai tsawo. Ya daɗe yana kwance igiyar akuya, sannan ya ce, yana kallon akuyar, "Ɗan lakwal ɗin ne ya faɗi?" Kaka ta ce shi ne. Ya gyaɗa kai. Na ga bayansa kawai, amma na san ya ji daɗi, ni ma na ji daɗi.

Na koma Tasawa na gama kwafin a farkon Mayu. Ranar Litinin na kai wa Mushe, shafi goma sha huɗu, ba gogewa ko ɗaya. Ya zauna ya fara karantawa yana yaba rubutun. A shafi na biyu ya tsaya. Ya buɗe na uku, ya buɗe na huɗu, yana bin layi da yatsa. Sai ya fashe da dariya har tarinsa ya tashi.

"Kai ɗan Korgom, ka jiƙa mini takarda," in ji shi yana share ido. "Ni na rubuta sanyi, kai ka yi mini ruwa. Sau nawa ka yi wannan aikin alheri?"

Na ce duk inda kalmar ta fito.

Ya jawo ƙamus ya buɗe ya tura gabana. Kalmomin biyu suna shafi ɗaya, wannan a ƙarƙashin wannan. Ya bayyana mini a hankali, da Hausa, don ya ga fuskata ta sauya. Abin da masanan ke tsoro ba damina ba ce. Hayaƙin biranen da suka ƙone ne zai tare rana, duniya ta yi duhu da sanyi, shuka ta mutu a tsaye. Ruwan saman da na gani a shafin ruwa ne mai guba. Ya ce mu nan ma abin da ake zato shi ne damina ta ƙi zuwa sam, tun da zafin rana ne ke jawo mana ita. Kuma duk wannan sai in an yi yaƙin, wanda ba a yi ba, ana roƙon Allah kar a yi.

"Ba komai," ya ce. "Kowa a ƙasar nan zai iya yin wannan kuskuren. Ka sake kwafe shafukan, shi ke nan. Takarda ce kawai."

Da na buɗe baki a lokacin na ce masa, Mushe, na riga na kai maganar nan gida, na san da ya ba ni izini a take, wataƙila ma ya nemo mini mota. Ban ce ba. Na karɓi takardun na fita.

Na sha lissafa kwanakin nan biyar. Talata na ce wa kaina babana ba zai sauya tsarin da ya gada don maganar yaro ba. Laraba muna da jarrabawar lissafi. Na fara rubuta wasiƙa, sai na tuna ba mai karanta boko a gidanmu, sai an kai wa mai shago ya karanta da ƙarfi a gaban mutane cewa ɗan lakwal bai iya Faransanci ba. Na yaga ta. Alhamis na tsaya a ƙofar ofishin darakta don neman izini, na ji yana faɗa da wani, na juya. Kowace la'asar kuma ina zaune ina sake kwafe shafukan Mushe, ina cire haruffa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, da tsabta, ba gogewa. Sai Asabar da aka tashi da rana na hau motar ƴan kasuwa zuwa Korgom, na ƙarasa da ƙafa.

Tun kafin in shiga gari na gani. Babbar gonarmu tana bakin hanya, kuma daga wannan iyaka zuwa waccan sawun sungumi ne da sawun diddige, layi layi a busasshen rairayi. Na tsaya ina neman inda suka tsaya, ban samu ba.

Kaka ta tare ni da murna. "Ka makara, ango, an gama ba kai. Alhamis da Juma'a aka yi. Ubanka ya sauko da dami ukun duka, mu muka sussuke. Ya ce in damina mai tsawo ce, gara ruwan farko ya tarar da iri a ƙasa." Ta rage murya. "Ƙanensa ya ce mishi ya rage ko dami guda. Ya ce shi ɗansa ya karanta a takarda."

Na ce mata na zo ne in ɗauki wani littafi da na manta. Na kwana, na koma.

Bayan kamar mako biyu aka yi yayyafi. A Tasawa na duba gwangwanin Mushe, ruwan da ƙyar ya rufe gindinsa. Da bai zo ba ma da ya fi, don iri yana iya zama cikin busasshiyar ƙasa yana jira. Wannan ya isa ya tayar da shi, bai isa ya riƙe shi ba. An gaya mini gonar ta yi kore shar kwana shida, mutane suna tsayawa a hanya suna kallo. Sannan rana ta buɗe mako uku ba ko girgije. Da aka yi ruwa na gaske a ƙarshen Yuni, waɗanda suka rage iri suka sake shuka. Mu rumbunmu ba ko zangarniya ɗaya.

Gaskiya ita ce su ma masu sake shukar ba su girbe abin kirki ba. Shekarar ta ƙi kowa. Na sha faɗa wa kaina haka. Amma babana ba ya zuba irinsa duka a ƙasa ko a shekarar da ta fi kowace kyau. Da ya bi tsarinsa, da ko dami ɗaya ya tsallaka zuwa baɗi, kamar yadda ya tsallake farin farko.

A dogon hutu na faɗa wa Kaka. Muna mu biyu a inuwar ɗakinta. Na bayyana mata kalmomin biyu, na zana mata su a ƙasa da tsinke duk da ba ta karatu, na nuna mata haruffan da na ƙara, na faɗa mata ranar da na sani da ranar da na zo. Ta daɗe tana kallon zanen. Ba ta kira ni ango ba.

"Ka faɗa wa wani?"

"A'a."

"To kar ka faɗa. Bakina ya kai maganar, ba naka ba."

"Kaka, ya kamata ya sani."

"Ya sani ya yi mi da shi? Ya tono irin?" Ta sa tafin ƙafa ta share zanen. "Ubanka ya ce Allah bai nufa ba, ya tsaya nan. Gero ya tahi. Kana so ka karɓe mishi ɗan lakwal ɗin ma? Tashi ka ɗebo mini ruwa."

Na tashi na ɗebo. Ban sani ba ko daidai ta yi. Na dai san na ji sauƙi da ta hana ni, kuma wannan sauƙin ya fi komai ba ni kunya.

Rubutun Mushe ya tafi Yamai, daga can ya tafi ƙasar waje. Amsa ta ɗauki kusan shekara, rabin shafi ce, ba su buga ba. Kafin in gama aji na gaba an mayar da shi wani gari can gabas, ba a faɗi dalili ba, ya tafi da mujallunsa a kwali. Shi ma ban taɓa gaya masa ba.

Da rani babana ya bi kasuwanni yana neman zangonsa. Ya je Kona, ya je Urafane, ya je har Mayahi. Yakan ɗebi gero a tafin hannu ya duba ƙwayar, ya mayar, ya yi gaba. Akwai wani maƙwabci da ya taɓa ba irin shekarun baya, ya je wurinsa, mutumin ya sunkuyar da kai ya ce sun cinye tun kafin azumi. Daga ƙarshe ya shiga layi tare da kowa ya karɓi irin da hukuma ta raba, wani gajeren gero mai saurin nuna wanda ba mu san sunansa ba.

Na samu zuwa gida ranar da aka shuka shi. An yi ruwa, ya tona ya ga laima ta kai, muka fita da sassafe. Yana gaba da sungumi yana sara, ina biye da ƙwarya ina zuba iri ina rufewa da diddige. Kaka ba ta zo gona ba, mu biyu ne kawai a wannan gefen. Muka yi layi huɗu. A na biyar ya tsaya ya gyara ƙotar sungumin, yana kallon gabas, ya ce kamar da iska yake magana, "Masu takardar nan, bana mi suka ce?"

Na ce, "Ba su ce komai ba."

Ya ɗan jira, ko zan ƙara wani abu. Sannan ya ɗaga sungumin ya ci gaba da sara, na bi shi ina zubawa.